Sarewar Bayan Labule

Hassada mugun ciwo ce, kuma mai ita ba ya neman magani, don bai taɓa yarda yana ɗauke da ita ba. Ɓarawo yunwa ke fitar da shi, in ya ƙoshi ya kwanta. Mahassadi kuwa ko an cika masa akushi, idonsa na kan lomar da ke hannun ɗan'uwansa. Labarin irin wannan mutum za ku ji, kuma ba a wani ƙauyen ƙayau ya faru ba, a Beltsville ne ta ƙasar Amurka, inda kowa ke da digiri da mota da hita a ɗaki.

Wata Litinin ce a tsakiyar Janairu, ana irin sanyin nan mai shiga ƙashi. Ƙarfe tara da kwata aka bugo waya ofishin 'yan sanda aka ce an fasa shago. Mai karɓar waya ta kasa gane bayanin, don Turancin mai ƙara ya cakuɗe da Faransanci da Hausa da kuka. Sai ta miƙa wa Kambai.

Kambai mutumin Zonkwa ne, shekararsa ashirin da biyu yana aikin ɗan sanda a ƙasar nan. Muƙaminsa yana da wani suna a takarda, amma mutanenmu Sufeto suke ce masa, shi ma har ya gaji ya daina gyara musu. Mutum ne mara gaggawa, mai yawan kallon ƙasa. In yana maka tambaya sai ka rantse ba ya sauraro.

Ya ɗauki Saje Matthew, wani dogon Ba'amurke da duk Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ƙaro yaji" ba, suka nufi wurin.

Shagon yana bayan wani wurin sayar da taya, kuma sana'ar cikinsa ba kowa ya santa ba. Akwai masu kiɗa a ƙasar nan da suka ce waƙar da aka tsara shekara ɗari uku baya ba za a busa ta da sarewar ƙarfe ta zamani ba, sai da irin ta katakon da mutanen wancan zamani suka busa. Na asali kuwa suna kulle cikin gilashi a gidan tarihi, ba mai sa musu baki. Don haka ake neman masassaƙi ya je ya auna tsohuwar, ya dawo ya sassaƙo 'yar'uwarta. Abincin mutum biyu ke nan a wannan shago.

Na farko Injiniya Sanusi, Bakano, fari, mai gilashi da farin gemu a gyare, shi ya kafa shagon. Na biyu Malam Almu, mutumin Damagaram, gajere, ɗan gidan masu sassaƙa algaita tun kaka da kakanni. Shi ne yake zaune a kan benci rungume da wani akwati buɗaɗɗe, babu komai a ciki sai jan ƙyalle.

"Mushe Sufeto, sun ɗauke ta," in ji shi, da "Mushe" ɗin nan na masu Faransanci, wato Yallaɓai. "Shekara biyu ina kanta."

"Mece ce?"

"Sarewa. Gaɓa huɗu, da maɓallin azurfa ɗaya. Ranar Asabar za a busa ta a gaban jama'a karo na farko, a wani zaure a Washington. Har an buga sunana a takardar taro."

"Kafin Asabar ba ka iya yin wata?"

Malam Almu ya dube shi kamar ya tambaye shi ko za a iya haifar yaro kafin la'asar.

"Katakonta sai ya shekara goma yana bushewa kafin a sa masa ƙarfe. Gungume ɗaya ya rage mana, muka raba biyu ni da Injiniya. Babu wani."

"Kada kukansa ya tsorata ka, Yallaɓai," in ji Injiniya Sanusi yana murmushi. "Badamagare ne, ko kazarsa ce ta ɓata sai ya tara gari."

Sufeto ya san Bakano da Badamagare abokan wasa ne, don haka ya jira ya ji ramuwa. Malam Almu bai ɗago kai ba.

"Ta ina aka shigo?"

Injiniya ya kai shi tagar baya. An fasa gilashi ɗaya, an rufe wurin da kwali, an bi gefe huɗu da salatif, a miƙe sambal kamar an sa rula. A ƙarƙashin tagar an jera gumaguman katako a kan kanta, kowanne da kwanan wata a jikinsa.

"Wa ya toshe?"

"Ni ne. Ƙarfe takwas na iso na tarar da ita a fashe, iska na shigowa. Na lika kafin in duba komai."

"Katakon nan na wane ne?"

"Nawa ne. Shekara takwas ina renonsa."

"Jiya Lahadi kana ina?"

"Manassas, wurin walimar suna. Tun safe har magariba."

Sufeto ya zaga shagon hannu a aljihu. Kwamfuta tana kan tebur, ba a taɓa ta ba. Sarewu goma sha uku na rataye a bango, wasu har da zoben azurfa, su ma suna nan. Ɓarawon da ya tsallake wannan duka ya buɗe akwati ɗaya, ai ba baƙo ba ne. Da ɗan gari akan ci gari.

A gindin wani ƙaramin injin zarto ya tsuguna, ya dangwali wani abu da yatsa. Ya yi wa Saje ido, Saje ya share shi cikin 'yar leda.

"Mutum nawa ke da mabuɗi?"

"Ni da shi," in ji Injiniya. "Sai kuma yarinyar. Ban so in faɗa ba, 'yar mutunci ce, ubanta likita ne. Amma sau uku tana roƙon a bar ta ta tafi da ita gida, yana hana ta."

"Wace yarinya?"

"Ramla. Ita za ta busa ranar Asabar."

Kafin su tafi, Saje Matthew ya leƙa wurin masu taya ya karɓi hoton kyamararsu. Ƙofar gaba kaɗai take kallo, ta baya ba mai ganinta.

Ramla tana zaune a hawa na tara a wani dogon gini a Silver Spring. Mace ce 'yar shekara talatin, haifaffiyar nan. Ta gaida Sufeto da Hausa har da rusunawa, daga nan ta koma Turanci, shi kuma ya ci gaba da tasa Hausar, kowa na fahimtar kowa.

"Yaushe rabonki da shagon?"

"Juma'a."

"Motarki ja ce ƙarama?"

"E."

"To ita ta je jiya da ƙarfe ɗaya, ta yi awa guda a ƙofar shago. Ko ita ma tana koyon busa ne?"

Ramla ta zauna. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a hannun wadda ba ta saba haƙa shi ba.

"Don Allah kada ka gaya wa Baba Almu."

"Ki fara gaya mini tukuna."

"Sabuwar sarewa ba a daɗewa ana busa ta. Numfashi yana jiƙa cikinta alhali bayanta a bushe yake, sai ta tsage. Minti goma a rana ya yarda mini, shi ya sa ya ba ni mabuɗi. Jiya na kasa ajiye ta. Awa guda na yi. Da na ji an ce ta ɓata, sai na ce za a ce ni na tsaga ta na ɓoye."

"Ta tsage?"

"A'a! Na duba ta a gaban fitila, na goge cikinta, na mayar da ita akwati. Ƙarfe biyu na fita."

"Tagar baya fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Injiniya ba ya yin sarewa ne, da sai ta Malam Almu?"

"Kawu Sanusi? Yana yi. Ai irinta ya yi sak. Ba su gaya maka zancen labule ba?"

"Ina jin ki."

Ta ba shi labari. Shekara biyu baya gidan tarihi ya ba su izinin yini ɗaya su auna wata tsohuwar sarewa. Tare suka je, tare suka auna, a takarda ɗaya suka rubuta. Kowa ya sassaƙa tasa. Ƙungiyar makaɗan su Ramla kuma tana da al'ada: in za a zaɓi kayan busa, sai a rataya labule, mai busa ya shiga baya, masu sauraro ba su san ta wane ce ke hannunsa ba. Watan jiya aka yi. Mutum bakwai suka zauna.

"Nawa suka zaɓi ta Malam Almu?"

"Duka bakwai."

"Injiniya yana wurin?"

"Yana wurin. Shi ya fi kowa tafi. Kowa ya daina, shi yana yi. Har yanzu in na tuna tafin nan sai tsigar jikina ta tashi."

A mota Sufeto ya sa Saje ya kira mai walimar sunan nan ta Manassas. Mutumin ya ce ƙwarai Injiniya ya zo, amma ya tashi tun kafin a raba naman rago, wajen biyu da rabi, wai kansa na ciwo.

"To mu kama shi mana," in ji Saje.

"Da wane laifi? Barin nama? In ana kama mutum don ya gudu daga walima, rabin mutanenmu suna tsare."

Washegari da hantsi Sufeto ya koma shagon shi kaɗai. Ya tarar da Malam Almu yana zuba ruwa a wata na'ura mai fitar da tururi a kusurwa. Injiniya bai iso ba.

"Ina kwana, Malam. Wannan kuma na mene ne?"

"Lafiya lau, Mushe. Katako ko an sare shi yana numfashi. Lokacin sanyi iskar ƙasar nan ba ta da laima ko kaɗan. In ɗaki ya bushe, sai ka ji gumaguman nan suna ƙas, ƙas, suna tsagewa daga baki."

"In taga ta kwana a buɗe fa?"

Malam Almu ya ci gaba da zuba ruwa, har ya kusa zubowa.

Sufeto ya taka zuwa kantar da ke ƙarƙashin taga, ya ɗaga gumaguman ɗaya bayan ɗaya yana duba bakinsu. Ko tsaga ɗaya babu.

"Yaya zamanku da Injiniya?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya ba su fi mu ba. A gidan abinci ya tsince ni ina wanke-wanke, shekara goma sha tara ke nan. Ya ga wata 'yar sarewar kara da na yi, ya ce in biyo shi. A falonsa na kwana wata shida."

"Ko bayan zancen labule?"

"Ya yi mini murna."

A jikin bango akwai wani ƙaramin akwatin gilashi. A ciki wani gwangwani ne naɗe da takarda yana juyawa a hankali, wata allura mai tawada tana ja masa layi. Kusa da shi an kafa doguwar ƙusa, an soka takardu irin wannan tuli guda, na ƙasan har sun yi ja don tsufa.

"Wannan fa?"

"Mai tsaron laima ne. In ta yi sama layi ya hau, in ta faɗi ya sauka. Duk Litinin nake sa sabuwar takarda."

"Ta makon jiya tana ina? Ta saman nan ta wancan mako ce."

"Na yar."

"Malam Almu, takardar shekara goma sha tara na kan ƙusa, sai ta jiya ce ta yi maka nauyi?"

"Hankalina ba ya jikina jiya."

Sufeto bai ja da shi ba. Ya zaro 'yar ledar nan daga aljihu ya ɗora a kan benci. Gari ne a ciki, mai laushi, ruwan ƙwai.

"A gindin ƙaramin zarton can na samu. Garin wane katako ne?"

Malam Almu ya buɗe, ya murza da yatsa, ya kai hanci. Nan take fuskarsa ta sauya.

"Ba ya yiwuwa."

"Na wane ne?"

"Na sarewar ne. Rabon da a yanka irinsa a shagon nan shekara biyu. Kuma duk Juma'a ni nake share injin nan da hannuna."

Sai ya cire hularsa, ya zaro wata takarda a ninke daga cikinta, ya miƙa.

"Tun jiya da safe na gani. Na ce in na rufa masa asiri, zuciyarsa za ta huce ya mayar da ita kafin Asabar, mu ce tsintar ta aka yi. Wanda ya ba ka wurin kwana, ba ka nuna shi da yatsa. Amma zarto, Mushe Sufeto? Me zarto zai yi da ita?"

Sufeto ya warware takardar a kan benci. Layin ya tafi a miƙe tun daga Litinin har Lahadi. Ranar Lahadi da ƙarfe huɗu ya ɗan dulmiya ƙasa kamar haƙorin yaro, cikin kwata guda ya koma inda yake, ya miƙe har wayewar gari.

Ya kira Saje ya ce ya je wurin alƙali ya karɓo takardar izinin bincike.

Bayan azahar Injiniya Sanusi ya shigo, ya kaɗe ƙanƙarar takalminsa, ya rataye kwat.

"A'a, Yallaɓai, sannu da aiki. An kama yarinyar?"

"Zauna, Injiniya. Tambaya ce 'yar kaɗan. Ƙarfe nawa ka ce ka toshe taga?"

"Takwas na safiyar Litinin."

"Ɓarawo kuma ya fasa ta ranar Lahadi."

"Haka nake zato."

"Wato ta kwana a buɗe."

"Ga alama."

"Kai injiniya ne, ni kuwa lissafina bai wuce na tarawa da ɗebewa ba. Karanta mini wannan."

Ya tura masa takardar. Injiniya ya gyara gilashi ya sunkuya. Ya dubi layin, ya juya ya dubi akwatin bango, ya dubi Malam Almu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Na'ura tana kuskure."

"Katakonka ma yana kuskure? Ko tsaga ɗaya babu. Wanda ya fasa tagar nan da ƙarfe huɗu, kafin huɗu da kwata ya yanka kwali ya lika da kyau. Shekara ashirin da biyu ina bin ɓarayi, ban taɓa ganin wanda ya fasa taga ya tsaya yana tausayin katakon mai shago ba."

"Yarinyar ma ta san zancen laima."

"Ta sani. Amma ƙarfe biyu ta fita, kuma katakon ba nata ba ne. Kai kuma ka bar Manassas da biyu da rabi, ko naman suna ba ka jira ba. Sai ciwon kai ya kawo ka nan?"

Injiniya ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba.

"Yanzu maganar Badamagare za ka ɗauka a kaina?"

"Shi ɓoye takardar ya yi a hula don ya rufa maka asiri. Kwana ya yi da ita a kansa."

Dariyar ta mutu.

Daidai nan Saje Matthew ya shigo da takardar alƙali. Sufeto ya karɓa bai buɗe ba, ya nuna wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo da ke ƙarƙashin bencin Injiniya.

"Doka ta ce in gaya maka, kana iya yin shiru, kana iya kiran lauya, kuma duk abin da ka faɗa za a maimaita shi gaban alƙali. Akwatin nan kuwa, ko ka buɗe ko mu fasa."

Injiniya ya zaro mabuɗi. Sau biyu yana kuskure ramin kwaɗon. Ya fito da wani ƙunshi a cikin tawul, ya ajiye a kan benci, ya ja da baya.

Malam Almu ne ya warware.

Gaɓa huɗu, kowacce an tsaga ta biyu daga sama har ƙasa, kamar yadda ake tsaga rake. Aikin zarton ya fita tsaf, ko karkata babu. A jikin kowane ɓari an bi da fensir an rubuta lambobi ƙanana, a jere.

Malam Almu ya ɗauki ɓari biyu na kan sarewar ya haɗa su, ya sake, suka rabu.

"Kana son lauyan?" in ji Sufeto.

"Lauya ɗinke ta zai yi?" Injiniya ya zube a kujera. Da ya sake buɗe baki, muryarsa ba ta mai shago ba ce kuma. "Ni na koya masa riƙe ma'auni. Da na same shi ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Ni na yi shekara biyar a jami'a, ni na rubuta wa gidan tarihi wasiƙa har sau huɗu kafin su yarda. Awo ɗaya, takarda ɗaya, gungume ɗaya. Tawa ba ta kauce wa awon nan da ko kaurin gashi ba, a kawo kowane ma'auni a gwada. Aka rataya labule, mutum bakwai. Ko ɗaya, Yallaɓai! Ko mutum ɗaya bai yi kuskure ya ɗaga mini hannu ba."

"Sai ka ce bari ta ɓace."

"A'a. Wallahi ba don haka na shigo ba. Wata guda ba na barci. Na ce akwai abin da ya yi a cikinta ya ɓoye mini. Na zo in auna kawai in mayar. Na zura ma'auni, yana nuna mini abu kaɗan-kaɗan, ban gamsu ba. Na ce sai idona ya gani. Ban san lokacin da na kunna injin ba. Da na dawo hayyacina na gan ta a haka, shi ne na fasa taga."

"Ka kuma jefa sunan 'yar mutane. To me ka gani a cikin?"

Injiniya ya cire gilashi ya riƙe a hannu.

"A wuri uku cikinta ya fi na tawa faɗi. Da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shi ke nan."

"Ai na gaya maka."

Malam Almu ne. Bai ɗaga murya ba, idonsa na kan guntayen.

"A cikin motarka na gaya maka, ranar da muka fito daga gidan tarihi, muna tsaye a danja. Na ce, Injiniya, sarewar nan tsohuwa ce, shekara ɗari uku ta motse kamar fatar kaka. In muka bi awon yau, tsohuwa za mu haifa. Mu buɗa mata ciki a nan da nan da nan, mu nemo yadda take tana budurwa. Na ce haka babana ke yi in an kawo masa algaitar gado a yi irinta. Har a kayenka, littafin awon nan naka, na so in zana maka, ka janye. Ka tuna abin da ka ce?"

Malam Almu ya amsa wa kansa.

"Ka ce in bar maka lissafi, ni in riƙe gizago."

Kai jama'a! Mutum ya haura katanga ya saci abin da aka miƙo masa ta ƙofa ya ƙi karɓa. Girman kai rawanin tsiya, in ya haɗu da hassada kuwa sai abin da ya gani.

Saje Matthew ya ciro ankwa. Malam Almu ya tashi da sauri ya tare gabansa.

"Mushe Sufeto, a bar shi. Kayana ne, na yafe."

"Naka ka yafe, Malam, Allah ya ba ka lada. Amma ya yi wa hukuma ƙarya, ya kuma so ya rataya wa marar laifi. Wannan ba a hannunka yake ba, ba a hannuna yake ba."

Injiniya ya miƙa hannuwansa da kansa. Har sun kai ƙofa ya tsaya, ya waiga, kowa ya zaci gafara zai nema.

"Almu, salatif ɗin can ya fara ɗagowa ta sama. A danne shi."

Saje ya tura ƙofa, suka fita da shi cikin sanyi.

Ranar Asabar an yi taro. Ramla ta busa da sarewar aro, aka bi sunan Malam Almu a takarda aka soke da biro. An ce mata ga ta Injiniya a akwati, awo ɗaya ce, ta ce ko da kyauta ba ta so. Malam Almu bai je ba. Ya sayi sabon gungume ɗanye ya rubuta masa kwanan wata, yana da shekara hamsin da takwas, sai ya jira goma.

Saura a ƙirga abin da Injiniya Sanusi ya kwasa, don kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Ya yi wata huɗu a tsare. Ya rasa mabuɗin shagon da ya kafa da hannunsa shekara ashirin da shida, don alƙali ya hana shi kusantar ƙofar. Masu busa goma sha ɗaya da ke layin jiran aikinsa suka janye cikin mako guda, domin sana'ar ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma ba mai ba da sarewarsa gyara ga wanda ya taɓa sa wa wata zarto. Gidan tarihi ya aiko masa da wasiƙa mai layi biyu, ba zai ƙara taɓa kayansu ba. Ya rasa Malam Almu, wanda suka shekara goma sha tara suna cin kwano ɗaya. Yanzu in sun haɗu ranar Juma'a, sai Malam Almu ya gaishe shi da ladabi kamar baƙo, ya wuce.

Abin da ya samu kuwa guntayen katako ne takwas, su ma suna hannun hukuma, an lika musu lamba.